TAKIN ZAMANI: A GIDA AKE YIN SA, DA KUƊIN WAJE MANOMI KE SAYEN SA

 Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a gindin bishiya, a ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Mata ma a karanta musu a cikin gida, domin su ne suka fi kowa sanin ranar da rumbu ya fara ƙara.

Zaɓe ya ƙarato. Ga motoci nan sun fara shigowa ƙauyuka da lasifika da tuta da ƙura. Za a kawo muku atamfa da sabulu da taliya, wani ma ya kawo buhun taki guda ya ce mutum goma su raba. Kafin ku ce an gode, ku tsaya ku ji inda takin nan ya fito, da dalilin da ya sa ya fi ƙarfin aljihunku.

DA ME AKE YIN TAKIN ZAMANI?

Da yawa daga cikinku suna zaton takin zamani wani sihiri ne na Turawa wanda sai an haye teku ake samo shi. Ba haka ba ne. Abu uku shuka take nema a cikin buhun nan. Na farko shi ne mai sa ganye ya yi shar, shi ke cike da buhun yuriya. Na biyu shi ne mai ƙarfafa saiwa, wanda tsofaffinmu suka sani da sunan sufa, takin gyaɗa. Na uku shi ne fotash, mai sa kara ya tsaya, tsaba ta cika. In an haɗa ukun a buhu guda, shi ne kamfa.

To, yuriya da me ake yin ta? Da iskar gas da ke fita daga ƙarƙashin ƙasa, da wannan iskar da ni da ku muke shaƙa kyauta. A masana'anta ake haɗa su da zafi da matsi mai tsanani, su zama wani sinadari mai suna amoniya, daga nan a mai da shi farar tsabar nan da kuke zubawa a gindin masara. Mafi yawan kuɗin yin yuriya kuɗin gas ne. Saboda haka duk ƙasar da take da gas mai araha, ita ce sarauniya a kasuwar yuriya ta duniya.

Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa. Har yawa ya yi mana, muna cinna masa wuta a rijiyoyin mai dare da rana. Tun 1979 aka yi dokar hana ƙona shi, aka sa 1984 ta zama wa'adi. Yaran da aka haifa a shekarar sun yi furfura, wutar ba ta mutu ba. Duk harshen wutar nan da ke tashi sama a Kudu, takin gonarku ne yake ƙonewa.

INA MUKA TSAYA A KASUWAR DUNIYA?

Ku saurara da kyau, domin nan ne abin mamaki yake. Nijeriya ba ƙasar da ke baran yuriya ba ce. Mu ne muke sayar wa duniya.

A Eleme, kusa da Fatakwal, kamfanin Indorama ya fara yin yuriya a 2016, tan miliyan 1.4 a shekara, sannan ya ninka a 2021. A Lekki ta Jihar Ikko, an buɗe masana'antar Dangote a watan Maris na 2022, wadda aka gina da ƙarfin yin tan miliyan 3 a shekara. Ga kuma tsohuwar masana'antar Onne. In aka tara ƙarfinsu duka, ya kai tan miliyan 6. Tan guda buhu 20 ne. Ku lissafa da kanku: buhu miliyan 120 ke nan a shekara. Abin da gonakin Nijeriya gaba ɗaya suke sha bai kai rabin wannan ba. Sauran ana loda shi a jiragen ruwa, ya tafi Barazil da Amurka da Indiya.

Me ya sa suke saye a wurinmu? Gas ɗinmu yana da araha, kuma daga gaɓar tekunmu zuwa Barazil hanya ce miƙaƙƙiya, ta fi ta ƙasashen Larabawa kusa. A 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, gas ya yi tsadar da ta sa masana'antun taki da yawa a Turai suka rage aiki, wasu suka rufe. Tan ɗin yuriya da ake sayarwa ƙasa da dala 300 a 2020 ya haura dala 800. A wannan shekarar masana'antunmu sun yi ciniki irin wanda ba su taɓa yi ba.

Mun yi murna da wannan, kuma ba ma hassada da wanda ya zuba dukiyarsa ya gina masana'anta a ƙasarsa maimakon ya ɓoye ta a bankunan Turai. Tambayarmu ga waɗanda suka riƙe mulki ce: a shekarar da takin Nijeriya ya ci kasuwar duniya, kai manomin Nijeriya buhu nawa ka iya saya?

RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

Kun tuna 2017? A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko, mai riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na dutsen fosfet na duniya. Maroko ta kawo nata sinadarin, aka sayo fotash daga waje, muka zuba yuriyarmu da farar ƙasarmu, ana haɗawa a nan gida. Aka yanka wa buhun kamfa farashin naira 5,500. Wuraren haɗa taki da suka daɗe a rufe suka farfaɗo, sababbi suka buɗe a jihohi da dama. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa in an ga dama.

Daga nan fa? A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A daminar 2024 buhu ya wuce naira 30,000 a kasuwanni da yawa. Mai zuba buhu huɗu ya koma zuba ɗaya. Mai zuba ɗaya ya koma sayen tiya. Wani ya bar masara ya koma gero da dawa don ba su cika neman taki ba. Wani ya ba da gonar jingina ya tafi birni acaɓa.

Za su ce muku: ai dala ce ta tashi. To, mun yarda fosfet da fotash da dala ake sayo su. Amma yuriya fa? Gas ɗin namu ne, iskar ta Allah ce, masana'antar a ƙasarmu take, ma'aikatan 'ya'yanmu ne. Ta ina dala ta shigo? Ga ta inda ta shigo: mai masana'anta yana da mai saye a Barazil da zai biya shi da dala. Ba zai sayar maka ƙasa da abin da na Barazil zai ba shi ba, sai in akwai ƙa'idar da ta ce ya yi. Ɗan kasuwa riba yake nema, wannan ba laifi ba ne. Aikin gwamnati ne ta tsaya a tsakani. Dokar man fetur ta 2021 ta ware wa masana'antun da ke sarrafa gas, irin na taki, farashi na musamman. Wato ƙasa ta yi musu rangwame da dukiyar kowa da kowa. Ina rabon manomi a cikin wannan rangwamen? Wa ya tsaya a majalisa ya tambaya? Wakilinku da kuka zaɓa, ko sau ɗaya kun ji muryarsa a rediyo a kan wannan magana?

Bayan wannan ga nisa. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Tirela guda buhu 600 take ɗauka, ta sha gas ɗin mota mai tsada, ta biya a kowane shinge, ta kwana a ramukan hanya. Duk wannan a kan buhunka ake ɗora shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, shi ya riƙa kwashe gyaɗar kakanninmu zuwa teku. Yau kuma an rasa jirgin da zai hauro mana da taki.

Sannan ga 'yan baranda. Takin gwamnati ya sauka a hedkwatar ƙaramar hukuma, a yi biki, a ɗauki hoto, a yanka ƙyalle. Washegari ka gan shi a kasuwa a hannun wanda bai san yadda ake riƙe fartanya ba. Wanda ya isa ƙauye kuma sai watan Agusta, bayan masara ta fid da kai. Wani buhun ma in ka buɗe, rabi yashi ne. An yi dokar kula da ingancin taki a 2019. Ku gaya mana, a kasuwarku an taɓa kama mai cuɗa taki da yashi an hukunta shi a gaban jama'a?

MASANA'ANTUN AREWA, WA YA KASHE SU?

Samari ba su sani ba, amma dattawa suna nan da rai, a tambaye su. Arewa ta taɓa samun nata masana'antun sinadarai.

A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na mulkin soja, masana'antar takin sufa ta Gwamnatin Tarayya ta fara aiki a Kaduna, da ƙarfin yin tan 100,000 a shekara. Ita ce ta farko irinta a ƙasar nan. Amma tun daga tushe aka gina ta a kan dutsen da za a sayo daga ƙasar waje, a sauke a tashar jirgin ruwa, a hauro da shi Kaduna. Alhali kuwa akwai dutsen fosfet a ƙasar Sakkwato, wajen Dange da Shuni. Bai kai na Maroko yawa ba, amma namu ne, kuma ba a taɓa ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Da kuɗin waje ya yi wuya, injuna suka tsufa babu gyara, masana'antar ta durƙushe, daga baya aka sayar da ita.

A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna. A 1988 aka ƙara mata sashen da ke yin sinadarin da ake haɗa omo da shi. A lokacin tana fid da man juye da kwalta da kakin kyandir. Dubban gidaje suna ci daga jikinta. Ku ji abin da littafin lissafin kamfanin mai na ƙasa ya nuna game da shekarar 2018: matatar Kaduna ba ta shigo da ko sisin kwabo ba, amma ta yi asarar fiye da naira biliyan 60. Ba ta yi aiki ba, ta ci kuɗi. Da wannan kuɗin aka sayi taki a farashin wancan lokaci, da an sami buhu fiye da miliyan 10.

A Kudu ma haka aka yi. Masana'antar Onne ta gwamnati ta fara aiki a 1987, ta yi shekaru tana ba da yuriya, ta tsaya cik a 1999, sai da 'yan kasuwa suka saye ta a 2005 sannan aka tayar da ita.

Masana'anta kuwa ba ta mutuwa ita kaɗai. Masaƙun Kaduna da Kano su ne masu sayen rini da sinadarin wanke zare, su ne kuma masu sayen audugarku. Da babbar masaƙar Kaduna ta rufe a 2007, mai auduga a Funtuwa da Gusau ya ji a jikinsa. Majemun Challawa da Sharaɗa a Kano, masu gyara fatar awakinku da ake yabo har Turai, kusan duk sinadarin jimarsu daga waje yake zuwa. Maganin feshin da kuke goyawa a baya, na ciyawa da na ƙwari, mafi yawansa daga Sin da Indiya ake kawo shi. Kowane galan da kuka saya, aikin yi ne kuka biya wa ɗan wata ƙasa, naku ɗan yana zaune a tasha.

Ba fari ne ya kashe waɗannan masana'antu ba, ba fara ba ce. Mutane ne, masu suna da muƙami. Sun naɗa 'yan'uwansu shugabanci ba don sun san aikin ba. Sun cinye kuɗin gyara. Sun gane cewa kwangilar shigo da kaya daga waje ta fi kawo kashe-mu-raba a kan masana'antar da ke aiki. Ranar da injin ya tsaya, ranar ce kasuwarsu ta buɗe. Irin waɗannan mutane, ko yaransu, ko yaran yaransu, su ne za su zo muku da lasifika.

GABA FA, ME TAKE ƊAUKE DA SHI?

Kada kowa ya ruɗe ku cewa kasuwar waje za ta dawwama. Ba mu kaɗai ke da gas ba. Katar da Saudiyya da Masar da Aljeriya da Rasha duk suna yin yuriya, duk suna neman masu sayen da muke nema. Masu sayen kuma ba barci suke ba. Indiya ta tayar da manyan masana'antun yuriya nata a 2021 da 2022 don ta rage saye daga waje. Barazil, wadda ke shigo da kusan kashi 85 cikin 100 na takinta, ta fid da shiri a 2022 na rage wannan dogaro. Ƙasashen Turai sun yi doka a 2023 ta ɗora haraji a kan kayan da aka yi su da yawan hayaƙi, taki yana cikinsu. Duk wanda ya jingina da bangon wani, ranar da mai bango ya tashi gyara zai sha ƙasa.

Kasuwar da ba mai ƙwace mana ita ce wadda ke gabanmu: gonakinku. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin cewa kafin 2015 kowace kadada za ta riƙa samun kilo 50 na sinadaran taki.  Wa'adin ya cika ba mu kai ko rabi ba, alhali manomin Sin da na Indiya yana zuba ninkin-ba-ninkin wannan. In manomin Arewa ya sami ikon zuba abin da gonarsa take nema, shi kaɗai ya isa ya riƙe masana'antu. Ga kuma maƙwabtanmu, Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, waɗanda Kano ta fi musu kowace tashar teku kusa. Ashe arzikin mai masana'anta da arzikin manomi igiya ɗaya ta ɗaure su. Wanda ya raba su ya cuci duka biyun.

Mabuɗin wannan duka shi ne bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. An ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, aka ce shekara biyu za a gama. Shekara biyun ta wuce, aka yi ta ɗage rana. Ku sani kuma, isowar bututu ba ita ce ƙarshen magana ba. Bututu hanya ce kawai. In babu masana'antar da ke jiransa a bakin hanya, babu tashar lantarki, babu samarin da aka koya wa aikin, gas ɗin zai iso ya tarar da kango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu za su ce: to a hana fitar da taki waje mana, a huta. Mu ba mu ce haka ba. In ka hana, ka kashe kazar da ke yi maka ƙwai, domin da kuɗin wajen nan ake biyan bashin gina masana'anta, da shi ake sayo fosfet da fotash. Wasu kuma za su ce gwamnati ta sake gina nata ta riƙe. Mun ga yadda ta riƙe na Kaduna da na Onne. Abin da muke cewa shi ne: ɗan kasuwa ya yi sana'arsa, gwamnati ta yi nata aikin na sa ƙa'ida da tsare ta, a fara cika tukunyar gida kafin a kai kasuwa.

ABIN DA ZA KU TAMBAYI MAI NEMAN ƘURI'ARKU

In ya zo, ku ba shi tabarma da ruwa, haka aka san mu. In ya gama jawabinsa, dattijo guda ya miƙe ya yi masa waɗannan tambayoyi a gaban kowa:

1. Za ka tsaya a yi ƙa'ida cewa duk masana'antar da ta sami gas ɗin ƙasa da rangwame, ta ware wa manoman gida kasonsu a farashin naira da aka sanar a rediyo kafin faɗuwar ruwa?

2. Za ka tsaya taki ya iso rumbunan ƙananan hukumomi tun watan Afrilu, a raba ta hannun ƙungiyoyin manoma, a kafe sunayen waɗanda suka karɓa a bango kowa ya gani?

3. Wace masana'anta ce za ta zauna a bakin bututun gas a Kaduna da Kano, wa zai gina ta, a wace shekara?

4. Me za ka yi game da dutsen fosfet na Sakkwato, da jirgin ƙasan da zai hauro da kaya daga teku?

5. Mai cuɗa taki da yashi, da jami'in da ya karkatar da takin talakawa, za ka bari doka ta hau kansu ko da 'yan jam'iyyarka ne?

6. 'Ya'yanmu nawa za a ɗauka a makarantun koyon sana'a su koyi aikin injuna da haɗa sinadarai, don kada ranar da aka buɗe masana'anta su ƙare a gadi da shara?

Ku lura da bakinsa. Wanda ya san abin da yake faɗa zai ba ku shekara da wuri da adadi. Wanda ya ce “za mu duba” ko “ku dai ku yi mana addu'a”, ya riga ya ba ku amsa. In ya taɓa riƙe muƙami, kada ku tambaye shi abin da zai yi, ku tambaye shi abin da ya yi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

RANAR ZAƁE

'Yan'uwa manoma, ku ne mafi yawa a ƙasar nan. Ku kuke ciyar da birni, ku kuke cika layi ranar jefa ƙuri'a tun da sassafe, rana ta dake ku, sannan a manta da ku sai bayan shekara huɗu. Ku yi lissafin nan da kanku: in mutum ya ba ka naira 5,000 ranar zaɓe, ka raba ta a kan damina huɗu. Ko tiya guda ta taki ba za ta saya maka a kowace damina ba. Shi kuwa ya sayi bakinka na shekara huɗu.

Ku adana katinku kamar yadda kuke adana iri. Kada ku ba kowa ajiya, kada ku karanta wa kowa lambarsa. Ku fita da matanku da samarinku da suka isa. In kun dangwala, kada ku watse, ku tsaya a ƙirga a gabanku cikin lumana, babu zagi, babu sanda. Wanda ya ba ɗanka ƙwaya da gora ya ce ya je ya tayar da rikici, ka tambaye shi ina nasa ɗan yake.

Gas ɗin na ƙasarku ne. Gonar taku ce. Ƙuri'ar ma taku ce, kuma ita kaɗai ce har yanzu ba a sa mata farashin dala ba. Ku ba wanda ya amsa tambayoyin nan shida da gaskiya, ku hana wanda ya kasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.

In ka gama karantawa, ka miƙa wa na kusa da kai.